Saniyar Ware a Bayan Wayar Bariki

A Tawa tafiya bida ba baƙuwa ba ce. Kakanni sun taka har Kumasi, iyaye sun yi Abijan, ƙanne sun bi ta Agadas sun faɗa Libiya. Shi ya sa gari ya iya karatun ɗan bida: in aike ya yanke an san ba lafiya, sai a shiga cigiya wurin masu dawowa. Amma akwai wani sabon ɗan bida da har yau ba mu iya karatunsa ba, shi ne wanda ya samu aikin Majalisar Ɗinkin Duniya aka kai shi Bangi ta Afirka ta Tsakiya, ko Goma ta Kwango, ko Juba ta Sudan ta Kudu. Shi nasa aiken ba ya yankewa. Wata na mutuwa saƙon Nita ko Amana zai shigo, bulo na hawa kan bulo a filin da ya saya, an biya wa Inna kujerar Makka. Wa zai tsaya tambayar ko mai aiko kuɗin nan yana samun barci?

Matasanmu sunayen manya suke ji: Ide Umaru da ya riƙe Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, A'ishatu Mindawudu da ta jagoranci tawagar Majalisar a Kodebuwa daga 2013 zuwa 2017, Maman Sidiku da ya riƙe ta Kwango. Abin alfahari ne, ba musu. Sai dai mafi yawan namu ba can sama suke ba. Ɗan sanda ne, jandarma ne, malamin asibiti, mai lissafi, mai kula da sito, ɗan sa-kai. Kuma wurin da suke kwana shi ne wurin da suke aiki. Daga nan ciwon yake farawa.

Ɗakin yawanci kontena ce ko ɗakin haɗi mai kama da ita, tsawo wajen mita 6, faɗi bai kai 2 da rabi ba. Gado, kabad, kilim da ke ɗiga a bokiti, taga ɗaya da ke kallon bangon buhunan ƙasa. Gurup na ruri dare da rana har kunne ya daina jinsa, sai ranar da ya mutu shirun ya tashe ka. Daga ƙofar ɗaki zuwa ofis tafiyar minti biyar ce. Shugaban da ya yi maka tsawa da hantsi shi ne a gabanka a layin kantina da azahar, shi ne maƙwabcin da kake jin tarinsa ta bango da dare. Akwai dokar hana fita, akwai kiran rediyo da za ka amsa da lambarka don a tabbatar kana raye, akwai unguwannin da aka haramta maka takawa ko da rana tsaka. A gida, in wurin aiki ya ɓata maka rai, kana da fada: ka zauna kan tabarma, a zuba shayi na fari, kafin na uku an yi maka tsiya ka yi dariya, abin ya wuce. A bariki babu wannan. Ɓacin ran safe shi za ka kwanta da shi.

Kuma barikin ba tsintsiya ɗaya ba ce. Mutum huɗu na iya zama ofis guda suna aiki iri guda, amma takardar kowa daban. Ma'aikacin ƙasa da ƙasa, mai matakin albashi da ake kira P ko FS, yana da kuɗin wahala gwargwadon harafin da aka ba garin, daga A zuwa E, yana da taimakon kuɗin makarantar ƴaƴa, in wurin na cikin masu haɗari kuma ana ƙara masa dalar Amurka 1,600 da ɗoriya a wata. Na ce dalar Amurka don kada wani ya lissafa da dalarmu ta kasuwa. Wannan kuɗi ya kusa miliyan ɗaya na sefa, gwargwadon canji. Ɗan sa-kai na Majalisar, wanda ake kira VNU, kuɗin zama kawai yake karɓa, ba albashi ba, ba fansho. Mai kwantiragin ƙwararre na ƴan watanni ba ya ma cikin lissafin ma'aikata. Soja a bataliya kuwa, abin da Majalisar ke biya a kansa, dalar Amurka 1,448 a wata tun Yulin 2022, baitulmalin ƙasarsa yake shiga. Abin da ke zuwa hannunsa kai tsaye daga Majalisar shi ne dala 1 da santi 28 a yini da ɗan kuɗin hutu. Kowa ya san abin da na kusa da shi ke ɗauka, domin jadawalin albashin a intanet yake. Harsashi kuwa ba ya duba takarda. Ranar 3 ga Oktoban 2014 sojojin Nijar 9 aka kashe a kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka, kuma kafin a naɗe tabarmar MINUSMA, tawagar Majalisar a Mali, a ƙarshen 2023 an rasa mutum sama da 300.

A irin wannan wuri wa ke zama saniyar ware? Mutane kan ɗauka raggo ne. Ba haka ba ne, sau da yawa ma shi ne ya fi kowa daɗewa a ofis, tunda ba shi da wurin zuwa in ya tashi.

Akwai wanda ya zo da tsagarsa tun daga gida. Aure ya mutu, ko bashi ya yi masa katutu, ko rigimar gado ta raba shi da ƴan uwa, ko dama yana ɗan taɓa tramol. Ya ɗauka nisa magani ne. Wata uku na farko lafiya lau, sabon wuri, sabon kuɗi. Daga nan sai abin da ya gudu dominsa ya iso, ya tarar babu Inna, babu aboki, babu limamin unguwa da zai ce "kwana biyu ba mu gan ka asuba ba". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bariki cike yake da ƙadangaru.

Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau ya zo, wurin ne ya ware shi, kuma wannan ya fi ba ni tausayi. Bafaranshen karatu ne aka kai shi Juba inda komai da Ingilishi ake yi. A taro ya san amsar, kafin ya haɗa jimlar an wuce. Ba ya sha, don haka ba ya zuwa mashayar bariki daren Juma'a, alhali can ake jin wace kujera za ta buɗe, wane sashe za a rage, wa ke shiri da wa. Tarbiyyar gida ta koya masa kada ya kalli babba cikin ido, kada ya yabi kansa. A can ana karanta wannan a matsayin rashin kuzari, a rubuta masa haka a takardar auna aiki ta ƙarshen shekara. Shekara guda ana haka sai ya fara zargin kowa. Wani zargin gaskiya ne, wariyar launi da ta harshe suna nan. Amma wanda ya kwana biyu bai yi hira da kowa ba, ba ya iya rarrabe wanda ya ƙi gaishe shi da wanda bai gan shi ba. Mace kuwa nata ya ninka: a bariki maza sun yi mata yawa, kowa na ƙwanƙwasa ƙofa da sunan gaisuwa, a gida ana cewa me matar kirki ke yi a barikin soja.

Na ukun shi ne wanda ya daɗe. Daga Haiti sai Kodebuwa, daga nan Mali, daga nan Bangi, shekara goma sha. Shi ya saba, har ya zama ba ya iya zama ko'ina sai bayan waya. In ya zo konje, kwana uku ya fara duba ranar komawa. Ƴaƴansa na ɓuya in ya shigo.

Majalisar kanta ta san da wannan. A 2015 ta yi wa ma'aikatanta sama da 17,000 tambayoyi kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Wajen 18 cikin 100 sun nuna alamun fargaba mai tsanani, wajen 20 alamun firgicin da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, wajen 23 alamun ciwon baƙin ciki, wasu 23 kuma shan giya mai haɗari. Alamu ne, ba hukuncin likita ba, amma ko a haka mutum ɗaya cikin biyar ba wasa ba ne. Bayan haka ne aka ƙaddamar da tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata a 2018.

Barci ne ke fara tafiya. Mutum ya kwanta ƙarfe 11, ya farka ƙarfe 3, ido ƙyam har kiran salla. Mako biyu a jere ana haka, lokacin ganin likita ya yi, ba lokacin ƙara kofi ba. Abu na farko da ya kamata a duba shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Akwai wanda ake sha sau ɗaya a mako, meflokin, da ake sayarwa da sunan Lariam. Yana aiki, amma yakan jawo wa wasu munanan mafarkai, fargaba, jiri, har da ganin abin da babu. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani. Wanda ya taɓa ciwon damuwa ko farfaɗiya bai kamata a ba shi ba. In mutum ya sauya hali makonni kaɗan bayan fara shi, ya koma asibitin bariki a canza masa da doksisiklin ko Malarone, waɗanda ake sha kullum. Kada ya yar da rigakafin gaba ɗaya ya ce ai shi ɗan Nijar ne ya saba da sauro.

In ba a tare rashin barcin ba, mutum zai nemo wa kansa magani. Wani kwalba, a shagon bariki da arha take. Namu kuwa, da yake kunyar kwalba na hana su, sun fi faɗawa ƙwaya: diyazefam don a kwanta, tramol don a tashi. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tramol a yini ko ga mai ciwo na gaske, na bayan fage kuwa ƙwaya ɗaya kan kai 225 ko 250. Biyu sun haye iyaka, kuma abin da ke biyo baya shi ne faɗuwa da shure-shure kamar mai farfaɗiya. Mai ɗauke da bindiga ko mai tuƙa motar Majalisar a wannan hali, ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba.

Sai maganar mata, wadda ba a son yi amma ita ta fi kore mutane. Dokar tana cikin sanarwar Babban Sakataren Majalisar ta 2003, kuma ba ta da kwana-kwana: duk wata hulɗa da wadda ba ta kai shekara 18 ba haramun ce ko da dokar garin ta yarda, kuma "ban san shekarunta ba" ba hujja ba ce. Ba da kuɗi, abinci, kaya ko alƙawarin aiki don a kwana da mutum kora ce. Tun 2018 akwai rajistar da ake sa sunan wanda aka kora kan wannan, don kada wata hukumar Majalisar ta sake ɗaukarsa. Wasu namu kan ce ai sun ɗaura aure, an kira malami an ba da sadaki. Auren da aka ɗaura a ɓoye da ƴar gudun hijirar da ke karɓar abinci daga hannunka ba zai tsame ka ba, kuma ko a wurin Allah ka san yunwa ce ta amsa, ba ita ba. Ɗan da aka haifa kuma yana nan, ana bin uba da gwajin jini har ƙasarsa.

Hutun da ake kira R&R don wannan duka aka yi shi. Gwargwadon tsananin wuri, bayan mako 4, 6, 8 ko 12 ana ba ma'aikaci kwana 5 a jere ban da ranakun hanya. Ba a tara shi, ba a sayar da shi, in lokacinsa ya wuce ya ɓata. Ɗan Tawa kan lalata nasa da hannunsa. Jirgi biyu ko uku kafin Yamai, sannan kilomita wajen 550 ta Doso, Dogonduci da Ƙonni, yini guda cur a bas. Ya iso ya tarar da zaure cike. "Yaya, maganar babur ɗin nan." "Alhaji, siminti ya ƙare tun wancan mako." Ya raba gardamar matarsa da ƙannensa, ya yi ta'aziyya gida shida, ya koma ya fi yadda ya zo gajiya. Abin da ya fi: hutu ɗaya a haɗa shi da konjen shekara, tunda mai kwantiragin shekara yana tara kwana 2 da rabi kowane wata, a zo gida a zauna sosai, na gaba kuwa uwargida da yara su same shi a Yamai, ba tare da an yi shela ba, ya yi barci.

Kuɗin ma haka. Kuɗin haɗari ba albashi ba ne, ranar da aka sauke garin daga jerin masu haɗari ya tafi. Wanda ya ɗora hidimar gida a kansa ya ɗaure kansa a wurin da ke kashe shi, don ba zai iya karɓar canji zuwa gari mai lafiya ba. A yanke wa gida adadi ɗaya a wata, ta hannun mutum ɗaya, sauran a ajiye har ya kai cefanen wata shida. Aikin kansa na iya ƙarewa kwatsam: Kwamitin Sulhu ya yanke rufe MINUSMA ranar 30 ga Yunin 2023, ya ba da wata shida kacal. Kwantiragin wucin gadi ba ya kai shekara, in an ƙara ma iyakarsa kwana 729, na ƙayyadadden lokaci kuma a rubuce yake cewa ba alƙawarin sabuntawa.

Yanzu ga inda na fi so a buɗe kunne, domin nan ne masu damuwa ke asarar haƙƙinsu. Mutum in ya ƙuntata abin da yake so shi ne ya jefar da baji ya hau jirgi. Kada ya yi. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallama, wanda ya ɓace ba izini kuma ana rubuta shi a wanda ya gudu daga aiki. Hanya ita ce takardar likita. Mai kwantiragin ƙayyadadden lokaci da bai cika shekara 3 ba yana da hutun jinya wata 3 da cikakken albashi, wata 3 da rabi. In ya cika shekara 3, wata 9 da wata 9. Ciwon damuwa na cikin abin da ake ba wa wannan hutu, kuma shugabansa ba shi da hurumin sanin sunan ciwon, sashen likitoci ne kawai ke gani. In aikin ne ya jawo ciwon, kamar wanda aka kai wa ayarinsu hari, akwai diyya, amma ana shigar da buƙata cikin shekara guda, da rahoton abin da ya faru da takardun asibiti. Fansho kuma: ana cire masa kashi 7.9 cikin 100, Majalisar na zuba 15.8, sai ya cika shekara 5 yake da haƙƙin fansho. Wanda ya fita da shekara 4 da wata 10 nasa zubin kawai zai ɗauka da ɗan abin da ya hau kai. An sha yin wannan asara saboda fushin mako guda.

In kuwa hukunci aka yanke masa da yake ganin zalunci ne, an ƙi sabunta kwantiragi ko an hana shi wani haƙƙi, kwana 60 yake da su daga ranar da aka sanar da shi ya nemi a sake duba hukuncin a rubuce. Zaryar ofishin shugaba da "ka yi haƙuri muna dubawa" ba sa tsayar da lissafin, kuma alƙali ba ya da ikon ɗaga wannan wa'adi. In amsa ta zo bai gamsu ba, kwana 90 ya kai ƙara kotun ma'aikata, mai zama a Niyok, Jeniba da Nairobi. Akwai ofishin lauyoyin ma'aikata, OSLA, kyauta ne. Akwai ofishin mai shiga tsakani, wanda ke sauraro cikin sirri. Ɗan sa-kai da mai kwantiragin ƙwararre ba su da hanyar wannan kotu, sai su riƙe mai shiga tsakani da abin da takardarsu ta tanada. Mai kaki kuma ƙasarsa ce ke da shi: ita ke hukunta shi, ita ke nema masa diyya ta ofishin jakadancinta a Niyok. Don haka kada ya bar bariki ba tare da kwafin kowace takardar asibiti a jakarsa ba. In bataliya ta watse, neman takardar ya zama neman allura cikin rairayi.

Kafin a kai ga kotu da asibiti akwai ƙananan abubuwa masu riƙe mutum. Kusan kowace tawaga tana da mai ba ma'aikata shawara kan damuwa, ganinsa kyauta ne kuma ba ya shiga fayil ɗin aiki. Bataliyoyin Senegal, Maroko, Masar, Bangaladash da Pakistan galibi suna da masallaci a sansaninsu. A tambaya, a je Juma'a, ko ba a jin huɗubar an tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutane. Butar shayi, ƙaramin murhu da kofi huɗu ba su cika kilo biyu a jaka ba, amma wanda ya kafa shayi a ƙofar kontenarsa bayan la'asar ba zai yi mako guda shi kaɗai ba.

Ku kuma na gida, labarin zuciya a tambayi fuska. Ku riƙa kiran bidiyo, kada ku tsaya ga saƙon murya. In ya daina kunna kyamara, in kiransa ya koma ƙarfe 3 na dare, in ya fara faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ko aiken ya ninka ba dalili, ku lura. In ya fara "ku yafe ni", yana faɗa wa ƙanensa inda takardun fili suke, wannan ba tsoron Allah kaɗai ba ne. Wanda ya fi kusa da shi ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. A nemi wani ɗan Nijar da ke barikin a daren nan ya kwana da shi, ya raka shi asibiti da safe, in mai bindiga ne a karɓe ta.

In ya dawo, kada a yanke masa abin da yake sha rana ɗaya don kunyar gari. Wanda ya saba shan giya mai yawa kullum, in ya tsaya kwatsam, cikin kwana 2 zuwa 3 jiki na iya kama rawa, ya ruɗe, ya faɗi, har a rasa shi. Diyazefam da tramol ma a hankali likita ke rage su. Mutanenmu na tsoron sunan Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, kamar wanda ya shiga ba ya fita, alhali mafi yawan masu irin wannan ciwo ganin likita kawai suke yi su karɓi odonas su koma gida. Maganin baƙin ciki ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 2 zuwa 4, wani har 6, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. A yi ruƙiyya, a sha rubutu, a yi sadaka, amma kada wani ya ce a ajiye ƙwayar likita. Wata na farko a rage masa masu zuwa gaisuwa da buƙata, a ba shi ɗakin da ba ya kallon titi, domin ƙarar salansar babur kaɗai na iya sa shi kwanciya ƙasa. In ya yi haka a gaban yara, a ɗauke su a hankali, kada a yi dariya, kada kuma a tambaye shi me ya gani a can sai ranar da ya fara faɗa da kansa.